Waƙa a Bakin Mai Ita: Ina Gaskiyar Wannan Magana Ta Tsaya?

Hausawa sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma mu ɗaliban adabi mun karɓi wannan magana kamar karatun allo, ba mu tsaya mun auna ta ba. Nufina a wannan ɗan rubutu shi ne in gwada ta a kan mawaƙa biyu da duk mai karatu ya sani, wato Alhaji Mamman Shata Katsina da Alhaji Aliyu Namangi Zariya, mu ga ko ta yi musu daidai su duka.

A wajen Shata maganar ta zauna daram. Dalili kuwa shi ne, Shata ba ya zaunawa ya tsara waƙa sannan ya fito ya rera. A filin wasa yake ƙirƙirarta, kalangu na tashi, 'yan amshi na karɓa, shi kuwa yana duban jama'a yana ɗora magana a kan magana. Wanda ya saurari Bakandamiya a kaset biyu ko uku zai tarar ba guda ɗaya ba ce. A nan ya ƙara, a can ya rage, wani wuri ya yi ratse don ya hango wani babban mutum ya iso. Saboda haka abin da mai sauraro yake jin daɗinsa ba kalmomin kaɗai ba ne, har da ganin yadda ake haifar su nan take. Shata ya rasu a 1999, kuma tun daga lokacin matasa da yawa sun ɗauki waƙoƙinsa suna rerawa a biki da gidajen rediyo. Wasunsu ma muryarsu ta fi tasa zaƙi. Amma jama'a sukan yi murmushi ne kawai su ce yaron ya iya kwaikwayo. Ba za a ce an zalunce su ba, domin sun haddace abin da shi bai taɓa haddacewa ba.

To, mu juya ga Namangi. Makaho ne, da ka yake tsara baitocin Imfiraji, ƙwar biyar biyar, wasu su rubuta masa, har aka buga su a Zariya. Ya rera waƙar da bakinsa, an kuma ɗauki muryarsa kafin rasuwarsa a 1990. Sai dai in za mu faɗi gaskiya, mutum nawa ne suka fara jin Imfiraji daga bakin Namangi? Yawancin Hausawa sun ji ta ne daga makafi masu bara, a tasha da bakin kasuwa da ƙofar gida, ɗaya yana ja ɗaya yana amsawa. Ni a ganina waɗannan makafi ba su rage wa waƙar komai ba. Waƙa ce ta tuna mutuwa da rashin tabbas na duniya, kuma idan ta fito daga bakin wanda yake tsaye cikin rana yana jiran sadaka, nauyinta yakan ƙaru. Ban taɓa jin wanda ya ce wa irin wannan makaho ya iya kwaikwayo ba. Addu'a ake yi masa a sa hannu a aljihu.

Ashe ke nan ba muryar mai waƙa muke girmamawa don kanta ba. Abin da muke nema shi ne mu yarda cewa mai rerawa yana nufin abin da yake faɗa. Kirarin da Shata yake yi wa kansa, in wani ya faɗe shi ya zama rigar aro, domin ba shi aka sani da wannan bugun ƙirji ba. Wa'azin Namangi kuwa kowane mai rai yana da rabo a cikinsa.

Duk da haka akwai abu guda da mai waƙa yake da shi wanda ya kamata manazarta su riƙe. Shi ne ya san karin da ya gina waƙarsa a kai, inda za a ja gaɓa da inda za a tsaya a numfasa. Rubutun boko da muke amfani da shi ba ya nuna tsawon wasali, balle karin sauti. Shi ya sa ɗalibi zai buɗe Fasaha Aƙiliya ya karanta wani ɗango ya ga kamar ya karye, sai ya ji Alhaji Aƙilu Aliyu ya rera shi a tsohon kaset, ya tarar ɗangon lafiya lau yake, karatunsa ne ya gurgunta shi. A nan muryar mawaƙi hujja ce ta ilmi, ko da a ce ba ta yi wa kunne daɗi ba. Ina ganin kuskure ne malami ya ba mu aikin fitar da karin waƙa daga takarda alhali muryar mai ita tana nan a ajiye.

Waƙoƙin fim na Kano sun zo da wani sabon al'amari. Mawaƙi ya tsara, ya shiga situdiyo ya rera, amma ɗan wasa ne yake motsa baki a gaban kyamara. Sau da yawa za ka ji ana kiran waƙa da sunan jarumin da ya hau ta, mai ita kuwa sai an bincika kafin a san shi.