Dara ko lido: wanne ne ke sa ƙwaƙwalwa aiki?

A Ikara da Makarfi da Kudan har yanzu akan ga dattawa sun haƙa gidan dara a inuwa bayan la'asar, amma matasa sun koma lido, wasu ma a waya suke buga Ludo King. Ra'ayina shi ne an yi musayar da babu riba, kuma lissafi ne hujjata.

Mu fara da lido. Asalinsa wasan pachisi ne na Indiya, a Ingila aka yi masa rajista da sabon suna a 1896. Ɗan lido fuska shida gare shi, don haka damar samun siki ɗaya ce cikin shida. Idan da guda biyu ake jefawa, kamar yadda aka fi yi a nan, damar aƙalla ɗaya ya ba da siki 11 ce cikin 36, wato kusan kashi 31 cikin 100. Duk hurawa da girgiza kofi da ake yi ba sa ƙara ko ɗigo a kan wannan adadi. Akwai 'yar dabara wajen zaɓen wanda za ka matsar, ban musa ba, amma yaro ɗan shekara bakwai zai iya kayar da gwani ranar da sa'a ta zauna masa.

Dara kuwa babu sa'a a cikinta ko kaɗan. Gidaje 30 ne, layi biyar sau shida, kowa da 'ya'ya 12, wani da duwatsu wani da karare. Ana fara zubawa ɗaya bayan ɗaya ba tare da an jera uku ba, sannan a shiga turawa gaba, baya ko gefe. Wanda ya jera uku ya ɗauke ɗa ɗaya na abokin wasansa. Huɗu a jere ba ci ba ne. Ku lura, bayan an gama zubawa gida shida kacal ke zama fanko. A wannan matsi daɗin wasan yake, domin ɗan da ka ajiye tun farko shi ne zai buɗe maka hanya ko ya toshe ka can gaba. Masu cewa dara ta ci gida sun san abin da suke faɗi.

Hanyoyi nawa za a iya shirya 'ya'ya 24 a gidaje 30? Kusan tiriliyan 1.6, kafin a cire waɗanda doka ta hana. Don kwatance, wasan awari, dangin ayo na Yarbawa, yanayi biliyan 889 gare shi, kuma sai a 2002 masana kwamfuta biyu a Amsterdam suka warware shi gaba ɗaya. Dirafin Amurka ya ɗauki Jonathan Schaeffer da tawagarsa a Kanada daga 1989 zuwa 2007 kafin su tabbatar cewa canjaras ake tashi idan babu wanda ya yi kuskure. Ɗalibin kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Ahmadu Bello da ke neman aikin kammala karatu, ga shi nan a ƙofar gida.

Ba wai dara ba ta da aibu ba. Idan mutum ya samu tsarin da zai riƙa matsar da ɗa guda yana ci a zuwa yana ci a dawowa, wasa ya ƙare ke nan, sauran jan rai ne kawai. Dokokinta ma sukan bambanta daga gari zuwa gari, shi ya sa baƙo da ɗan gari ba sa rasa gardama. Ga 'yan kallo masu ba da satar amsa. Sannan a zahiri wasan maza ne a waje, lido kuwa mutum huɗu take ɗauka, kuma ta shiga har cikin gida wurin mata da yara. A nan ta fi dara nesa ba kusa ba.

Duk da haka, malamin lissafi na firamare da ba shi da kuɗin kayan koyarwa, ƙasa da tsakuwa 24 sun ishe shi ya koya wa ajinsa hangen taku uku gaba.