SUNAN BAWA BA ABIN KUNYA BA NE

 Yau maganarmu a kan suna take.

Ran nan a ajin yaƙi da jahilci, nan ƙasar Agiye, muka zo darasin rubuta suna. Kowa ya ɗauki allo. Wani magidanci ya sunkuyar da kai, ya ƙi rubutawa. Da na matsa masa sai ya ce: "Malam, sunana Bawa. Samari suna yi mini dariya, wai mu jikokin bayi ne." To, wannan zance na samari kuskure ne. Bari in gaya maka dalili.

A ƙasar Hausa akwai matar da in ta haihu sai ɗan ya koma, ta sake haihuwa ya koma. Ita ake ce wa mai wabi. Kakanninmu sun ɗauka wani abu ne a ɓoye ke ɗauke ƴaƴan. Don haka in ta sami namiji, sai a ba shi suna na raini, a nuna kamar ba a damu da shi ba. A ce masa Bawa, wato ba ɗan gida ba ne, ba abin da za a yi wa ƙyashi. Haka ake sa wa wani Ajuji, kamar an yar da shi bisa juji. Ka gani? Sunan ba daga bauta ya fito ba, daga ƙaunar uwa ya fito, uwar da ta sha binne ƴaƴa. Kuma akwai gidajen da ke kiran Abdullahi da Bawa, don ma'anar Abdullahi ita ce bawan Allah. Wa ya fi ƙarfin wannan suna?

Dubi tarihi. Bawa Jan Gwarzo, ɗan Babari, Sarkin Gobir ne a Alkalawa. Shi ne ya tara malamai a Magami wajen 1788, ya yi musu kyauta, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya ƙi karɓar dukiya, ya roƙi a sauƙaƙa wa talakawa, sarki kuwa ya yarda. Bayan Alkalawa ta faɗi a 1808, Gobirawa suka kafa Tibiri, nan kusa da mu a ƙasar Gidan Runji. Je can ka tambaya ko akwai mai jin kunyar sunan Bawa.

Amma gaskiya ɗaya ce, dole in faɗi ɗaya gefen. Suna ba ya tsare yaro daga mutuwa. Kakanninmu sun yi iyakar saninsu, mu kuwa yau mun san abin da ke kashe yara: ƙyanda, zawo, masassarar cizon sauro, da cutar da ke shiga ta cibiya in an yanke ta da aska mai dauɗa. Wani wabin kuma amosanin jini ne, wanda yaro ke gada daga uwa da uba. Waɗannan ba su san Bawa ba, ba su san Ajuji ba. Wanda ya sa wa ɗansa Bawa ya zauna gida, bai kai shi likita an yi masa lamba ba, ya yi sakaci. Rigakafi ya fi magani.

Abu na ƙarshe. A takardar haihuwa za ka ga an rubuta Baoua, irin rubutun Faransanci. Da Hausa baƙi huɗu ne: B, A, W, A. Mutumin nan ya rubuta su a allo da hannunsa, ya ɗaga kowa ya gani.

Kai ma, in ka koma gida, tambayi tsohuwarka dalilin sunanka tun tana da rai. Ka rubuta abin da ta ce, ka aiko mana, mu buga.