Masu Tantance Ɓaraguzan Jiragen Yaƙi

A Holan akwai wasu bayin Allah, yawancinsu 'yan sa kai, da ke bin sawun jiragen saman da aka harbo a Yaƙin Duniya na Biyu. Sai a miƙa musu guntun ƙarfe da laka ta cinye, su wanke shi da buroshi a hankali, su duba jerin ƙusoshi da lambar da masana'anta ta buga, su ce wannan na Ingila ne, wancan na Jamus.

Dubi jirgin Stirling da ya faɗa ruwan da yau ake kira Markermeer a watan Maris na 1943, yana dawowa daga Balin da mutum bakwai. Da farko an ɗauka jirgi mai lamba BK710 ne. Amma gwangwanin taba da aka tsamo, mai haruffan JMC, bai dace da sunan kowa a wancan jirgin ba. Masu binciken ba su yi ƙasa a gwiwa ba, suka koma kan takardu, har ta tabbata BK716 ne. Wannan haƙurin nasu ne ya fi burge ni, domin lamba ɗaya in ta kuskure, dangin wasu za a kai wa ta'aziyya.

An tsamo jirgin a 2020, aka binne mutanensa a Nijmegen a 2022, danginsu na tsaye.