Gasar Kamfanonin Lemo a Bakin Bahaushe: Nazarin Harshen Talla daga Birnin Gwari

Masu nazarin adabin Hausa sun daɗe suna ba da ƙarfi ga waƙa da tatsuniya da kirari da karin magana, amma ba su cika waiwayar talla ba, ko da ya ke babu maganar da ta fi ta yawan shiga kunnen jama'a a yini guda. Nufina a wannan takarda shi ne in auna gasar da kamfanonin lemon kwalba su ke yi da juna da ma'aunin da mu ke auna sauran zantuttukan hikima, watau in duba abin da su ke faɗa wa Bahaushe, da yadda su ke faɗarsa, da kuma abin da shi Bahaushen ya mayar da maganar. Na ɗauki Birnin Gwari ta yammacin Jihar Kaduna abin misali domin gari ne na kan hanya, mai tazarar fiye da kilomita 100 daga Kaduna, inda Hausawa da Gwarawa da Kamukawa da Fulani su ke ciniki da Hausa. Manyan allunan talla ba su cika kai can ba, kwalbar da sunanta ne su ke isa.

Gasar ta girmi Nijeriya kanta. A 1886 ne John Pemberton ya haɗa Coca-Cola a birnin Atlanta na Amurka, a 1898 kuma Caleb Bradham ya raɗa wa nasa haɗin suna Pepsi-Cola. A nan ƙasar, A. G. Leventis ya kafa Nigerian Bottling Company a 1951, aka soma ɗura Coca-Cola a Legas a 1953. Kamfanin Seven-Up, wanda daga baya ya riƙe Pepsi da Mirinda, ya fara aiki ran 1 ga Oktoba 1960. Waɗannan biyu su ne su ka yi shekaru suna raba kasuwa, har La Casera ta fito cikin roba a 2001, sa'an nan Big Cola ta kamfanin AJE na ƙasar Peru ta shigo a 2015, Bigi ta Rite Foods ta biyo a 2016, kana Pop Cola ta kamfanin Mamuda na Kano a 2021.

Mai karatu zai lura da kalma ɗaya da ta ke ta maimaituwa cikin sunayen nan, watau kola. Ba kome ba ce illa goro. Turawa sun aro ta daga harsunan gaɓar yammacin Afirka, kuma goron yana cikin haɗin farko na Pemberton. Kakanninmu kuwa sun yi ƙarnuka suna kora jakai zuwa Gwanja fataucin wannan ɗan itace, su ka gina masa kalmomi masu yawa: huhu, da ƙwarya, da daushe, da goron sallah, da goron gayyata. To, da kalmar ta dawo mana cikin kwalba, Bahaushe bai gane ɗan gida ba ne. Ba wanda ya ce ruwan goro zai sha. Sai ya kira abin lemo.

Ita ma lemo baƙuwa ce ta dā, daga Larabci, kuma asalinta sunan ɗan itace ne, shi ya sa mu ke da lemon zaƙi da lemon tsami. Da abin sha mai gas ya zo, sai aka faɗaɗa ta aka ce lemon kwalba, daga baya lemon gwangwani da lemon roba. A lura da abin da a ke rarrabewa da shi a nan: mazubi ne, ba kamfani ba. Yau in an ce a kawo wa baƙo lemo, ko an ce an raba lemo wajen walima, babu mai tambayar na wane kamfani. Wannan kalma guda ita ce babbar abokiyar gābar masu tallan duka, domin aikin talla shi ne raba abu da ɗan'uwansa, ita kuwa tattarawa ta ke yi. Haka kuma wanda ya riga zuwa ya kan rasa sunansa ta wata hanyar, sunan ya zama na kowa. Yadda omo ya zama sunan duk garin sabulu, magi na duk ɗanɗanon miya, makilin na duk man goge baki, haka Maltina, wadda ta fito a 1976, ta zama sunan da mutane da dama su ke kiran kowane lemon sha'ir da shi. Yaro zai ce a ba shi Maltina, mai shago ya miƙo ta wani kamfani, kuma ba wanda zai ga an yi ha'inci.

Furucin sunayen ma abin dubawa ne, a nan kuwa zan ɗan daɗe, domin wurin ne ilmin harshe ya ke da ta cewa. Gaɓar Hausa ba ta farawa da baƙaƙe biyu a jere, kalmominta kuma galibi da wasali su ke ƙarewa, sa'an nan ba ta rarrabe p da f. Duk sunan da ya saɓa wa waɗannan ƙa'idoji sai an yi masa kwaskwarima kafin ya zauna. Fanta ba ta bukaci kome ba: gaɓa biyu ce lafiyayya, har ma ta yi daidai da sunan mata da a ke ji a Barno da wasu ƙasashen yamma, ko da ya ke a Jamus aka ƙirƙiro ta a 1940. Lakasera da Mirinda su ma sun shige ba wahala. Pepsi kuwa ta kan fito kamar Fefsi, Sprite sai an cusa wasula tsakanin baƙaƙenta uku na farko, ta koma wani abu kamar Sifirayit. Abin da ya fi ban sha'awa shi ne Big da Bigi. Kamfanoni ne biyu masu hamayya, amma tun da ya ke bakin Bahaushe ya kan ƙara wasali bayan baƙin ƙarshe, sunan na farko yana iya fitowa daidai da na biyu, ta yadda kuɗin da ɗaya ya kashe wajen talla zai yi wa ɗayan aiki. Abin mamaki kuma, kamfanin da ke zaune a Kano shi ne ya zaɓi suna mai p biyu cikin gaɓa ɗaya.

In sunan ya yi nauyi, mai saye ya kan koma ga launi. Zai ce a ba shi baƙi, ko fari, ko ya nuna da yatsa. Baƙin nan ya haɗa Coca-Cola da Pepsi da duk masu bin sawunsu, farin kuma ya haɗa Sprite da Seven-Up. Ga wani abin dariya: launin da Hausa ta ke kira ruwan goro shi ne na Fanta da Mirinda, waɗanda ba su da alaƙa da goro, wanda ya ɗauki sunan goron kuwa shi ne baƙi. Kamfanonin sun san ƙarfin launi sarai. A 2021 Coca-Cola ya kai kamfanin Mamuda ƙara Babbar Kotun Tarayya ta Kano, yana cewa salon rubutun Pop Cola da kamannin tambarinta sun yi kusa da nasa har za su rikita mai saye. Hukunci ba aikina ba ne, amma ƙarar kanta shaida ce mai amfani gare mu. Ta nuna cewa a kasuwa irin tamu, inda da yawa ajami su ka iya ba boko ba, lanƙwasar harafi da jan fenti su ne sunan. Mutum ba ya karanta kwalba, gane ta ya ke yi kamar yadda makiyayi ya ke gane saniyarsa.

Yanzu ga tallan kansa. Ra'ayina shi ne, in aka auna shi da ma'aunin adabinmu, mafi yawansa rarrauna ne, dalili kuwa shi ne da Ingilishi a ke tunaninsa, sa'an nan a nemi mai fassara. Misalai uku sun isa.

A 2016 Coca-Cola ya fito da take na duniya baki ɗaya wanda ya gwama aikatau na ɗanɗano da sunan abin da zuciya ta ke ji. Daɗinsa a Ingilishi shi ne an haɗa abu biyu da ba a saba haɗawa ba. Amma Hausa da aikatau ɗaya ta ke yin aikin duka: a ji zaƙi, a ji sanyi, a ji daɗi, a ji magana. In an fassara taken yadda Bahaushe zai faɗa, sai ya zama zance na yau da kullum, in kuma an nace sai an ce ɗanɗana, sai ya zama Hausar da babu mai yinta. Na biyu, a 2015 Pepsi ya fito da roba mai santilita 60 a kan naira 100, ya sa mata suna Long Throat, wanda a Turancin kasuwa na kudu ya ke nufin kwaɗayi, cikin raha. A can wasa ne mai daɗi. A nan kuwa, inda a ke cewa kwaɗayi mabuɗin wahala, ba a yabon mutum da shi ko cikin wasa. Robar ta karɓu, amma ƙarin ruwan ne ya sayar da ita. Dabarar ma tsohuwa ce, don da ita Pepsi ya tsira a Amurka a 1934, sa'ad da ya ninka girman kwalba bai ƙara kuɗi ba.

Na uku ya fi zurfi. A 2011 aka soma buga sunayen mutane a jikin kwalbar Coca-Cola a Ostareliya, abin ya iso Nijeriya a 2015. Tushen dabarar shi ne kiran mutum da sunansa alamar ƙauna ce. A gidan Bahaushe kuwa sau da yawa ɓoye sunan ne alamar: mace ba ta kiran sunan mijinta, uwa ba ta kiran na ɗan fari, wanda aka raɗa wa sunan kaka sai a yi masa laƙabi. Har wa yau sunayen yankanmu galibi na annabawa ne da sahabbai, roba kuwa in an shanye kwata ta ke faɗawa. Wanda ya san wannan da ya nufi laƙabi, irin su Ɗanjuma da Talatu da Auta da Gambo, inda raha ta ke ba tare da nauyi ba.

Abin da ya fi damuna shi ne asarar da aka yi. Ƙa'idojin talla na Nijeriya, waɗanda hukumar APCON ta riƙa kula da su tun kafa ta a 1988 har ta koma ARCON a 2022, ba su yarda wani ya ɓata kayan wani ba. Watau zambo ya haramta, saura habaici. To, wa ya fi mu habaici? Kishiyoyi suna yinsa a bakin turmi, makaɗan fada suna yi wa abokan hamayyar ubangidansu, 'yan dambe suna cusa shi cikin kirari, duk ba a kama suna, kuma kowa ya san da wa a ke. Gasa tsakanin masu kaya iri ɗaya ba ta da tufar da ta fi wannan dacewa da ita, amma a maimakonsa sai jerin kalmomi marasa kaifi, irin su nishaɗi da wartsakewa da inganci, waɗanda za a iya cire sunan wannan kamfani a sa na wancan ba abin da zai canja. Yarinya mai tallan zoɓo ko kunun aya a tasha ta fi su sanin aikin. Ta kan ambaci kayan, ta ambaci siffa ɗaya tak, ta ja wasalin ƙarshe yadda zai kai ƙarshen layin motoci, kuma siffar da ta kan zaɓa ita ce sanyi.

Sanyin nan shi ne ainihin abin da a ke saye, kuma Birnin Gwari ta nuna haka a fili. Garin yana kan tsohuwar hanyar Kaduna zuwa Legas ta Tegina, da wadda ta nufi Funtuwa, kewaye da dajin Kamuku, wanda ya zama gandun ƙasa a 1999, da na Kuyambana. Shekarun da 'yan bindiga su ka riƙe dazuzzukan nan, tafiya ta Buruku da Udawa ta zama sai da rakiya ko da kasada. A 2021 gwamnatin jiha ta dakatar da kasuwannin mako na yankin, aka kuma yanke layukan waya na wani lokaci, kasuwar shanun garin kuwa sai a Nuwamba 2024 aka sake buɗe ta bayan shekaru a rufe. A irin wannan hali, lemon da ya ci kasuwa shi ne wanda direba ya yarda ya ɗauko, wanda kuma mai shago ya samu ƙanƙarar da zai tsoma shi. Roba ta kori kwalba don ba ta fashewa a hanya mai ramuka, ba a kuma jiran a mayar da fanko. Tambayar mai saye ta farko ita ce ko akwai mai sanyi, ta biyu nawa ne, sunan kamfani in ya zo shi ne na uku.

Akwai kuma wurin da kamfanonin duka su ka daina gasa su ka yi shiru tare, watau bayan kwalba. Lemon kola irin na asali yana ɗauke da sukari kimanin giram 10 cikin kowane mililita 100, watau robar santilita 50 ta kai kusan giram 50, wanda shi ne gwargwadon iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarta a 2015 ga babban mutum a yini guda. Dokar kuɗi ta 2021 ta ɗora harajin naira 10 a kan kowace lita saboda irin wannan dalili. Amma abin da aka haɗa lemon da shi, da yawan sukarinsa, da ranar da zai lalace, duk da ƙananan haruffan Ingilishi a ke rubuta su. Ana yi wa Bahaushe Hausa a rediyo sa'ad da a ke son ya saya, ba a yi masa ita a wurin da zai san abin da ya saya, alhali kalmomin suna nan: sukari, da ma'auni, da ranar ƙarewar aiki.

Malaman kwalejojin horon malamai za su iya mayar da wannan darasi mai rai. A tura ɗalibai kasuwa da tasha su rubuto yadda a ke furta kowane suna, tare da karin sauti da tsawon wasali, su rubuto kiran masu tallan zoɓo da kunu da fura kamar yadda ya fito, sa'an nan a ba su rubutun bayan roba guda su mayar da shi Hausar da tsohuwa mai ciwon sukari a Kuyello ko Dogon Dawa za ta fahimta in jikanta ya karanta mata.