Rediyon da ke jingina da intanet: ina amfaninsa ranar da aka ɗauke sabis?

A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar 'yan bindiga, har da Funtua, Bakori, Ƙanƙara da Malumfashi. Mutumin Dayi da ke son jin farashin masara a Funtua, ko ya sanar da ɗan'uwansa rashin lafiya, sai dai ya hau mota ya nufi inda sabis yake. Tun daga lokacin ake jin masu sha'awar fasaha suna cewa maganin irin wannan rana shi ne rediyon 'yan sha'awa, wato masu lasisin magana da juna ta iska ba don kasuwanci ba, musamman idan an haɗa tashoshinsu ta intanet. Rabin maganar gaskiya ce. Ɗaya rabin kuwa akwai gyara.

Oba-oba ta hannu ba ta kai murya nesa, domin zangon da ake amfani da shi, megahaz 144 zuwa 146, kusan a miƙe yake tafiya kamar hasken tocila, ƙasa kuma a lanƙwashe take. Shi ya sa ake kafa tashar maimaitawa a kan dogon turke ko tsauni: ta karɓi muryarka a mita ɗaya, ta sake watsa ta nan take da ƙarfi a wata mitar, tazarar kilohaz 600 a tsakani. A lissafi, turke mai tsawon mita 30 yana "hango" kusan kilomita 22 a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, mutum a tsaye da oba-oba ya ƙara kamar 5. Ka ga tasha a Dayi za ta iya kaiwa wajen Malumfashi, amma Funtua ta yi mata nisa.

A nan intanet ta shigo. David Cameron na Kanada ya fara tsarin IRLP a 1997, Jonathan Taylor na Amurka ya fito da EchoLink a 2002, sai AllStarLink da aka gina kan manhajar Asterisk. Dabararsu ɗaya ce: a jona 'yar kwamfuta, ko da Raspberry Pi ce, a jikin tasha, ta mayar da murya bayanai, ta tura wa wata tashar ta intanet, can a sake watsa ta. Abin a yaba ne, tsakani da Allah. Murya ba ta cin data sosai, kayan ba su da tsada, kuma nisa ya daina zama matsala. Dayi da Maraɗi da Landan duk ɗaya ne.

To amma wace intanet? A ƙauyukanmu intanet ɗin ita ce ta layin waya, daga turken da za a kashe ranar da aka ba da umarni, ko ranar da man janareto ya ƙare. Idan ta ɗauke, kowace tasha ta koma ita kaɗai, tana magana da iya waɗanda ke kewaye da ita. An rataya guga a igiyar da ake tsoron tsinkewarta ke nan. Kuma ba sai an kashe turke ba: EchoLink yana buƙatar tasha ta yi rajista da manyan kwamfutocinsa kafin ta gano 'yan'uwanta, ga shi a ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku sun lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, Najeriya ta ji a jikinta. Ko a ranar lafiya ma akwai 'yar matsala. Kamfanonin waya kan raba adireshin intanet guda ga kwastomomi da yawa, don haka kiran da ke shigowa daga waje bai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba, sai an bi ta wata kwamfuta mai shiga tsakani.

Tsohuwar hanya ita ce a haɗa tasha da tasha ta rediyo, da eriya mai fuskantar wuri guda, galibi a zangon megahaz 430 zuwa 440. Turaku biyu masu mita 30 suna iya ganin juna a kusan kilomita 45, saboda haka daga Dayi zuwa Funtua sai an sa tasha ɗaya ko biyu a tsakani, kowace da sola da batir da mai gadi. Ta fi tsada, ta fi wahala, ba kuma za ta kai ka Landan ba. Sai dai babu wanda zai kashe ta daga ofishin kamfanin waya. Ni a ganina ita ya kamata ta zama ginshiƙi, intanet ta zama ƙari.

Akwai kuma abin da masu tallata harkar ba su cika faɗa ba. Ana buƙatar lasisi da lambar kira, ta Najeriya tana farawa da 5N, ta Nijar da 5U, kuma ƙa'idar harkar ba ta yarda a ɓoye magana ba. Duk mai oba-oba da ya san mitar zai saurara, har da wanda ke cikin daji. An katse sabis a 2021 ne don a toshe bakin masu kai wa 'yan bindiga rahoto. Duk wanda zai kafa tasha a wannan yanki, tambayar farko da jami'an tsaro za su yi masa ita ce wa zai riƙa magana a kanta, wa kuma zai riƙa ji.