Tafiyar Ahmed Musa daga Kano Pillars a 2010: Riba Aka Ci ko Faɗuwa?

Idan kana shiga gidan kallon ƙwallo a Koguna ko wani ƙauyen Makoda, ka san musun nan ba ya ƙarewa. Wani ya ce Pillars ta yi sakaci da ta bari Ahmed Musa ya tafi yana ɗan shekara 17. Wani ya ce ai tafiyarsa alheri ce, tunda bayan ya tafi ne Masu Gida suka ɗauki kofin lig sau uku a jere. Ni a ganina duka biyun sun kauce hanya, kuma kuskurensu irin wanda ake gargaɗin ɗalibin kimiyya a kansa ne tun ajin farko.

A kakar 2009/2010 Musa ya ci ƙwallo 18 a lig ɗin Najeriya, abin da ba a taɓa yi ba kafin lokacin. Pillars ta ƙare ta biyu a bayan Enyimba. Daga nan ya koma VVV-Venlo ta ƙasar Holan, sai dai bai fara buga mata wasa ba sai da ya cika shekara 18 ranar 14 ga Oktoba, 2010, saboda dokar FIFA kan ƙananan yara. A Janairun 2012 ya wuce CSKA Mosko, a 2016 kuma Leicester City ta saye shi kan kusan fam miliyan 16.6.

Masu cewa an yi asara suna ɗaukar wannan fam miliyan 16.6 ne su ɗora kusa da sunan Pillars. To amma abin da suke mantawa, Musa ɗan makarantar horar da 'yan wasa ta GBS ne da ke Jos, aro aka ba Pillars shi, kamar yadda aka ba JUTH kafin nan. Ka ɗauka maƙwabcinka ya ara maka sa ka yi huɗa damina guda. Da kaka ya kai shi kasuwar Dambatta ya sayar, wanda ya saya ya turke shi, ya sake sayarwa da tsada. Za ka ce ka yi asarar sa? Abin da za a tambaye ka shi ne nawa ka kashe a dusa da harawa, kuma dami nawa ka samu. A wannan ma'auni Pillars ta ci riba sosai: ƙwallo 18 daga yaron da ba ta saya ba, ga tikitin gasar zakarun Afirka ta 2011.

Su kuma masu kafa hujja da kofunan 2012, 2013 da 2014, nasu kuskuren ya fi ɓoyuwa. Don abu ya biyo bayan wani abu, ba shi ne ya nuna na farkon ya haifar da shi ba. Pillars ta ɗauki lig a 2008, ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar zakarun Afirka a 2009 bayan ta fitar da Al Ahly ta Masar. Wato ƙungiya ce mai ƙarfi tun kafin ƙwallayen Musa 18, kuma su Rabi'u Ali da Gambo Muhammad ne suka ɗauki nauyinta daga baya. Tambayar da ta dace ita ce: da ya zauna, me zai faru? A gona za ka iya raba fili biyu, ka zuba taki a ɗaya ka bar ɗayan, ka gwada. A ƙwallo babu fili na biyu. Kakar 2011 sau ɗaya aka buga ta, kuma babu Musa a ciki.

Iyakar abin da za mu iya shi ne ƙiyasi, kuma a nan lissafi yana da abin faɗa. A 1886 Francis Galton ya nuna cewa iyaye dogaye ƙwarai sukan haifi 'ya'ya dogaye, amma ba kamar su ba. Wannan shi ne komawa ga matsakaici. Duk sakamakon da ya yi fice, haɗin gwaninta ne da sa'a, ita kuwa sa'a ba ta zama wuri ɗaya. Jude Aneke ya ci 20 a 2011, Mfon Udoh ya ci 23 a 2014, babu wanda ya maimaita adadinsa a cikinsu. Don haka wanda ke lissafa wa Musa 18 duk shekara da ya zauna a Kano, ya yi son kai a lissafi. Gaskiya ne fa ɗan shekara 17 yana kan tasowa ne, wannan zai rage faɗuwar. Amma shi ne kuma dalilin da ya sa babu yadda za a yi albashin ƙungiyar gwamnatin jiha ya riƙe shi.

Inda nake ganin akwai abin takaici daban yake. Dokar FIFA ta ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin cinikin ɗan wasa tsakanin ƙasashe, a raba wa ƙungiyoyin da suka rene shi daga shekara 12 zuwa 23. Kowace shekara daga 16 zuwa sama tana da rabin kashi 1 cikin 100. Yi lissafin da kanka: a cinikin Leicester, kakar da Musa ya yi a Kano ta kama kusan fam dubu 83. Kuɗi ne, amma kwatanta shi da na Venlo, ƙaramar ƙungiyar da ba ta kai Pillars magoya baya ba. Ta riƙe shi wata 15 kacal, ta sayar da shi kan miliyoyin yuro, don takardarsa tana hannunta.

Leicester kuwa, da ta samu ƙwallo 2 kawai daga gare shi a Firimiya, ta sayar wa Al-Nassr ta Saudiyya shi a Agustan 2018, makonni kaɗan bayan ya zura wa Aisland biyu a gasar cin kofin duniya a Rasha.