Sharhi kan nazarin ƴan jarida a Nijar: ina aka bar rediyo?

Littafin da marigayiya Marie-Soleil Frère ta fitar a shekarar 2000, Presse et démocratie en Afrique francophone, yana daga cikin ayyukan da ɗalibanmu suka fi dogara da su. Ta bi diddigin jaridu masu zaman kansu na Benin da Nijar a lokacin sauyin siyasa, ta nuna yadda kalmomin da ƴan jarida suka zaɓa suka tsara muhawarar ƙasa. Aiki ne mai zurfi, kuma duk mai son fahimtar rawar da Haské ta taka daga 1990, ko Le Républicain daga 1991, sai ya biyo ta kansa.

Sai dai inda gizo yake saƙa shi ne iyakar abin da aka nazarta. Jaridun nan da Faransanci ake rubuta su, a Yamai ake buga su, kuma ƴan boko ne masu karanta su. Manomin Madarunfa ko ɗan kasuwar Damagaram ta rediyo ya ji labarin Taron Ƙasa na 1991, a Muryar Sahel ko a sassan Hausa na BBC da Muryar Jamus. Jam'iyyun da kansu sun gane haka, shi ya sa suka laƙaba wa sunayensu Nassara, Rahama, Tarayya da Zaman Lahiya. A zaɓen 1993 kalmar "canji" ita ce a bakin jama'a. Mai nazarin kalmomin siyasa da ya tsaya ga Faransanci ya ga ɓangare guda ne kawai.

Laifin ba na marubuciyar ba ne. Namu ne da muka mai da hanyarta tamkar ita kaɗai ce. Dalilin a fili yake: jarida tana zama a ɗakin karatu, a ɗauko ta a ƙirga kalmominta, amma magana a rediyo iska ce, in ba a naɗe ta ba ta tafi. Ga shi kuwa Nijar tana da ƙungiyar Radio-Clubs tun 1962, da gidajen rediyo masu zaman kansu tun 1994.

Saboda haka muna ba da shawara ga masu shirya kundin digiri su nemi tsofaffin kaset, su tattauna da masu fassara labaru da suka yi aiki a wancan zamani. Su ne suka samo wa dimokuraɗiyya kalmomin Hausa, kuma shekarunsu suna ja.